Facin da Neville Ya Ƙi Karɓa

Duk wanda ya san Neville Pybus a garin Burnie ya san mutum ne da ba a yi masa gwaninta. In ka ce masa gari ya yi kyau yau, sai ya leƙa sama ya tabbatar. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawa turakun wayar tarho a arewa maso yammacin Tasmania, kuma bai taɓa kama wayar da aka ce masa an kashe ba sai ya gwada ta da kansa. Da wannan hali ya yi ritaya. Matarsa Glenys ta ce ko burodi ta gasa, sai ya juya shi ya duba ƙasansa kafin ya shafa man shanu.

Zaman gida ne ya ishe shi ya koyi rubuta manhaja, yana da shekara sittin. Manoman yankin kowa na da ma'aunin ruwan sama a jikin shinge, kullum ƙarfe tara na safe a je a duba, a rubuta milimita nawa aka samu. Sai Neville ya haɗa wata 'yar manhaja da ake maƙalawa a jikin babbar manhajar da mutane ke buɗe shafukansu na intanet da ita. Ka shigar da lambar ranar, ita kuma ta jera maka ruwan wata da na shekara, kowa ya gani. Kyauta ya sake ta. Kafin shekara goma sha biyu ta zagayo, shafuka sun fi dubu uku da ke amfani da ita, daga masu kiwon tumaki har makarantun ƙauye.

Ita babbar manhajar ba ta zama wuri ɗaya. Masu ita suna ta sake mata zubi, har ta kai zubi na tara. Al'adar masu irin sana'ar Neville ita ce su riƙe zubi biyu na ƙarshe, sauran su yi musu sallama, wanda bai sabunta ba ya san inda ya nufa. Neville ya ƙi. Tasa tana aiki har a kan zubi na biyar, wanda ya shekara tara, wanda su kansu masu shi sun daɗe da daina duba lafiyarsa. Shafuka ɗari huɗu da goma sha biyu ne suka rage a kan wannan tsohon zubi, kuma saboda su yake yin kowane gyara sau biyu, ɗaya na sabo, ɗaya na tsoho. Yakan ce manomin da ke da tumaki dubu biyu ba shi da lokacin danne-danne. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Shi kansa bai yarda da sabon abu ba, kuma yana jin daɗi a ransa cewa bai taɓa yar da kowa a hanya ba.

Glenys ba ta ganin abin burgewa a ciki. Motar tafiyar da suka saya mai ɗaki a baya tana fake a gefen gida shekara uku, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta.

"Nev, idonka fa ya tafi," ta ce masa wata rana da ta same shi hancinsa na neman taɓa allon kwamfuta. "Su waye ma mutanen nan? Ko sunan mutum biyar a cikinsu ka sani?"

"Ba sai na san sunansu ba."

"To ni ka san nawa, me ya ƙare ni da shi?"

Ya ci gaba da danne-dannensa.

A watan Afrilun wata shekara da aka yi fari, sai ga saƙon imel daga wata mai suna Noelene Triffitt. Ta ce ita mai kiwon tumaki ce a kusa da Bothwell, tana cikin masu tsohon zubi, kuma ta gano wata ɓaraka a reshen manhajarsa na tsohon zubin, wadda mugu zai iya bi ya shiga shafin mutum. Ta haɗo da faci, wato rubutun gyaran da zai toshe ɓarakar, layi arba'in, tsaf. A ƙarshe ta ce ta san nauyin ya yi masa yawa. In yana so, ya bar mata tsohon reshen ta riƙa kula da shi, shi ya huta. Abin da take bukata kawai shi ne mabuɗin da ake sakin gyara da shi.

Neville ya gwada, ɓarakar gaskiya ce. Ya gwada facin, ya toshe ta sarai. Nan ne fa hankalinsa ya ƙi kwanciya. Duk wanda ke riƙe da wannan mabuɗi, abin da ya ga dama shi zai tura cikin shafuka ɗari huɗu da goma sha biyu, su kuwa su karɓa ido rufe, domin da sunan Neville zai zo musu.

Ya buga facin a takarda, ya bi shi layi-layi da jan biro har sau uku. Bai samu komai ba, rashin samun ya ƙara ɓata masa rai. Ya ture nata gefe, ya kwashe kwana huɗu yana rubuta nasa, wanda bai kai nata kyau ba, ya saki. Sannan ya shiga bin diddigin matar. Shafinta na nan, na gaske, da hotunan tumaki da na wani baƙin kare, da lissafin ruwa na kowace rana ba fashi. Adireshin da saƙon ya fito ma na shafin ne. Ya nemi su yi magana a waya, ta ce kunnenta ya yi nauyi. Ana haka sai wasu mutum uku da bai taɓa ganin sunansu ba suka ɓullo a zauren intanet na masu amfani da manhajar, suna ta ƙorafin cewa tsohon ya cika nawa, ya miƙa wa Noelene mana kowa ya huta.

"Ka samu mai sauke maka kaya, kana neman aibunta," in ji Glenys, tana yanka masa fanken nama a faranti. "Kai dai in ba ka zargi mutum ba abinci ba ya shiga cikinka."

"Wasiƙa huɗu ta rubuto min."

"To sai me?"

"Glen, wata biyar ba a ga ruwan kirki a Bothwell ba. Wace mai tumaki ce za ta rubuto wasiƙa huɗu ga mutumin da sana'arsa ruwan sama, ba ta ce uffan a kan fari ba? Ko mai kawo wasiƙu ya tsaya a ƙofar nan, da zancen ruwa yake farawa."

Glenys ta ajiye wuƙar.

Ya kamata a faɗi gaskiya, Neville ya so matar ta zama ta gaske. Ya gaji. Idonsa na yi masa zafi, kuma karo na farko ke nan cikin shekara goma sha biyu da wani ya ce bari in kama maka. Saboda haka ran Talata da safe ya tada mota, ya yi tafiyar awa uku, ta tsakiyar filayen da suka koma launin buhu, har ya samu akwatin wasiƙa mai sunan Triffitt a bakin wata hanyar tsakuwa.

Karen nan na hoto ne ya fara tare shi. Bayansa wata tsohuwa doguwa ta fito daga rumfar askin tumaki, da takalmin roba har gwiwa, ta tsaya nesa da shi.

"In sayar da abu ka zo yi, juya."

"Sunana Neville Pybus. Ni na rubuta manhajar ruwan da ke shafinki."

"Haka kowa zai ce. Ina shaida?"

Ya miƙa mata lasin tuƙi. Ta duba hoton, ta dube shi, ta sake duba hoton, ta ce ya fi tsufa a fili. Kunnenta kuwa garau, har ƙarar ƙofar shinge da bai rufe da kyau ba ta ji, ta aike shi ya koma ya rufe.

A ɗakin girki ta zuba masa shayi, ya shimfiɗa mata wasiƙun huɗu a kan tebur. Ta karanta ta farko da gilashi a ƙarshen hanci, ta ɗago.

"Wace ce wannan mai shegen ladabi? Ni dai ban taɓa rubuta maka komai ba, bawan Allah. Faci kuma na me? Facin da na sani na taya ne."

Neville ya ji wani daɗi mara kyau ya ratsa shi, irin na wanda zarginsa ya tabbata. Har ya fara shirya yadda zai ba Glenys labari. Ya nemi izini ya zauna gaban kwamfutarta. Bai yi minti goma ba ya ga abin da ya zo nema. Ban da sunan Noelene, akwai wani mai iko na biyu a shafin, wanda aka buɗe wata bakwai da suka wuce, kuma ta nan ake aika saƙo da sunanta. Ya bi sawun ɓarawon don ya ga ta inda ya shigo, yana fargabar ko ta manhajarsa ce. Ba ta nan ba ne. Ta jikin tsohon zubin kansa ya shigo, ta wata kafa da aka daɗe da toshewa a sababbin zubi. A saman allon kuwa ga jan rubutu, na gargaɗin a sabunta.

"Wannan jan rubutun, tun yaushe yake nan?"

"Oho. Shekaru."

"Ba ki taɓa dannawa ba?"

"Na so. 'Yata ce ta haɗa min shafin kafin ta koma Perth, sai na buga mata waya na tambaye ta. Ta ce, Mama, duba wajen mutumin ruwan nan. In har yanzu yana cewa abinsa na aiki da naki, to lafiya lau, ki bar shi. Ta ce an san ka da tsantseni, ba za ka bar mutane a wurin da ke da haɗari ba." Ta kurɓi shayi. "Duk wata uku nake dubawa. Kullum sai in ga ka rubuta yana aiki da zubi na biyar, sai in ci gaba da harkata."

Daɗin nan da ya ji ya gudu. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun yana saurayi. Ya zargi wasiƙa, ya zargi faci, ya zargi mutum uku na zaure, ya zargi tsohuwar da ke ba shi shayi. Layin da yake rubutawa da hannunsa duk wata uku, shi ne bai taɓa juyawa ya duba ba.

"Mu nawa ne a haka?" ta tambaya.

"Ɗari huɗu da goma sha biyu."

"Duk kai muke kallo?"

"Da alama."

"To ai sai ka ce mana mu tashi."

A kan teburin nan ya rubuta sanarwar, da yatsa biyu, a kwamfutarta. Ya ce nan da wata biyu manhajarsa za ta daina aiki da duk abin da ya gaza zubi na takwas, kuma ba zai ba kowa tsohon reshen ba, rufe shi zai yi. Ya ce duk wanda ya kasa sabuntawa ya rubuto, zai taimaka masa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ƙara da cewa tun shekara biyar baya ya kamata ya faɗi haka, kuma laifin jinkirin nasa ne. Noelene na tsaye a bayansa tana karantawa.

"Za su zage ka."

"Na sani."

Ya kori ɓarawon daga shafinta, ya kai hannu zai danna wurin sabuntawa, sai ta riƙe masa wuyan hannu.

"Tsaya. Ruwan shekara tara ne a ciki, ba ni da shi a ko'ina sai nan."

"Na kwafe shi a ma'ajiya, ba abin da zai ɓace."

"In ji ka." Ta jawo aljihun tebur, ta fito da sabon littafin rubutu da fensir, ta ja kujera kusa da shi. "Sai na gan shi a takarda, rana-rana. Kada ka ji haushi, Neville, amma na taɓa yarda da maganarka sau ɗaya, ka ga inda ta kai ni."

Ya buga wa Glenys waya ya ce kada ta jira shi da abinci, ya gyara gilashinsa, ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya fara karanto mata daga ɗaya ga watan Janairun shekarar farko.