Dakta Lami da Kunyar Ɗan Fari

Mutanen layinmu a Nasarawa GRA ba sa duba agogo kafin su san bakwai da kwata ta yi. Lokacin ne Malam Lawan maigadi yake ja get, tsohuwar motar Dakta Lami Mahmudu ta fito a hankali, ita da kanta a sitiyari, gilashi a ƙarshen hanci. A kujerar baya akwai takardun ɗalibai, da 'yar tabarma, da leda cike da gwangwanayen madara da aka wanke don yara su yi wasa. Litinin zuwa Laraba tana aji, tana koyar da waɗanda za su zama malaman ƙananan yara. Ranar Alhamis kuwa kada ma ka neme ta a ofis. Takan ajiye mota a bakin titi a Tudun Wada ko Hotoro, ta shiga lungu da ƙafa, ta yi sallama gidan da ake goyo, ta shimfiɗa tabarmarta a gefe. Ba ta gyara wa kowa. Kallo take tana rubutu: wa ya ɗauki jaririn, wa ya yi masa magana, da ya yi gwaranci wa ya amsa masa.

Shekara talatin da huɗu tana haka. A ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki.

Abokan aikinta sun sha yi mata tsiya, wai kowa in ya yi digiri kujera yake hawa, ita ta yi uku ta koma ƙasa. Takan ce ai mutanen nata ne ba su kai tsawon tebur ba. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, Islamiyyun matan aure suka cika maƙil, sai ta riƙa bin su tana roƙon malamai minti goma bayan an tashi karatu, ta yi wa mata bayanin yaye da abincin goyo. Da makarantun kuɗi suka yawaita, ana damƙa wa ɗan shekara biyu fensir har da aikin gida, ɗalibanta ne suka riƙa cewa a bar yara su yi wasa tukuna. Wata shugabar makaranta a Hotoro ta ce ba ta buƙatar ganin takarda kafin ta gane ɗalibar Dakta Lami, don ita ce za ka ga ta durƙusa kafin ta yi wa yaro magana.

Amma abin da ta fi daɗewa tana bincike a kai shi ne kunyar ɗan fari, wato yadda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na farko, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta damu da shi. Dakta ba ta taɓa zagin al'adar ba. Ta ce a babban gida ba ta cutar da yaro, domin in uwa ta kau da kai, ga kaka, ga gwaggo, ga matan kawunnai, kowa na cafe shi. Inda take jin tsoro shi ne gidajenmu na yanzu.

Rabi ce ta nuna mana abin da take nufi.

A hannun kakarta Rabi ta tashi, a wani ƙauye a Jigawa, aka yi mata tarbiyya irin ta da. Ta auri Mustafa, injiniyan da aikin titi ke fitar da shi daga Kano sati biyu, sati uku. Gidansu na kallon na Dakta, ƙato, da doguwar katanga da waya a samanta. A ciki daga ita sai ɗanta na fari, Imran. Ya kai shekara biyu da wata biyar bai taɓa furta kalma ɗaya ba. In yana son abu sai ya ja zaninta ya nuna da yatsa. An kai shi asibiti, aka ce kunne lafiya, harshe lafiya.

Sai Hajiya Kande, mahaifiyar Mustafa, ta bugo waya daga Katsina. Ta ce bayan ƙaramar Sallah za ta zo ta tafi da yaron ta riƙe, gidanta cike yake da jikoki, a can bakinsa zai buɗe. Mustafa ya ga shawara ce mai kyau. Rabi ta ce to. Me za ta ce? Yarinya mai tarbiyya ba ta buɗa baki ta gaya wa surukarta ba za ta iya rabuwa da ɗan fari ba. Sauran wata uku Sallah, abinci ya daina shigarta.

Wata rana da la'asar ta tsallaka titi, wai ta zo a sam mata ganyen zogale. Dakta ta tsinko mata, ta dubi yaron da ke maƙale a bayan hijabi, ta tambayi sunan mutumin. Rabi ta sunkuyar da kai ta ce sunan da babansa ya sa masa. Dakta ba ta ƙara tambaya ba, sai dai ta ce ranar Alhamis tana nan tafe.

Awa uku ta yi a falon Rabi. Ta ga uwa wadda ba ta da makusa: wanka a kan lokaci, an shafa mai, kunu da ɗuminsa, kaya tsaf. Amma duk awa ukun nan abin da aka ce wa yaron bai wuce “zo” da “ungo” da “bari” ba. Sauran maganar talabijin ce ke yi. Da ta rufe littafinta sai ta tambayi Rabi wa ke yi wa ɗan fari wasa a gidansu. Rabi ta shiga lissafo su har tana murmushi. Dakta ta ce to a nan fa? Rabi ta dubi kujeru, ta dubi labule, sai hawaye.

“'Yata, kunyar nan don idon mutane aka yi ta,” in ji Dakta. “Ni kuwa na duba gidan nan kaf, ban ga mutanen ba. Bango kike jin kunya?”

Ba ta ce lallai ta kira sunansa ba. Cewa ta yi a kashe talabijin, duk abin da Rabi ke yi ta riƙa gaya masa: ga albasa, yanzu za mu yanka, ka ji ruwa ya tafasa. In ta faɗa ta dakata, ta ba shi lokacin amsawa ko da da ido ne. Kullum bayan la'asar kuma ta kawo shi gidanta ya bi kajin Malam Lawan da gudu tare da yaran maƙwabta. Rabi ta ce kwanakin farko ji take kamar taɓin hankali ya same ta, a raɗa take maganar. Sunan kuwa sai da aka yi sati shida, a kicin, ta juya masa baya tana kallon tukunya, sannan ya fito.

Kafin Sallah Imran ya iya faɗin ruwa, da mota, da kaza, da a'a, da wasu 'yan kalmomi. Hajiya Kande ta zo ta saurara, ta ce an samu ci gaba, amma wannan ai jikarta 'yar shekara ɗaya da rabi ta fi shi. A haɗa masa kaya, jibi za su kama hanya.

Washegari Dakta ta shigo gaisuwa. Tazararsu da Hajiya ba ta fi shekara biyar ba, amma a ƙasa ta zauna. Ta ce wa Hajiya gaskiyarta ce, abin da ita ta yi shekaru tana bincike Hajiya ta gano shi ta waya: mutane yaron yake buƙata. Sai dai in aka tafi da shi zai samu baki ya rasa uwa, kuma ƙanen da za a haifa shirun nan zai tarar. Hajiya ta ce ai ita yarinyar ba ta ce komai ba, an ce za a ɗauka ta ce to. Dakta ta ce tarbiyyar da manya suka ɗora mata ce, manya ne kuma kaɗai za su iya sauke mata.

Hajiya ta ƙwala wa Rabi kira daga kicin, ta tambaye ta ko tana son yaron ya zauna. Rabi ta durƙusa, kai a ƙasa. Dakta na da bakin da za ta amsa a madadinta, amma ta kafa wa tafin hannunta ido, ta ƙi.

“Hajiya, don Allah ki bar mini Imran,” in ji Rabi.

“Iyye, 'yan zamani. Har da suna,” in ji Hajiya. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce a kwance kayan. Maimakon jibi sai da ta yi sati biyu a Kano, ta koma ita kaɗai tana mitar ya ishe ta da a'a.

Dakta, ke ce uwar masu goyo. Ke ce kika zauna a ƙasa har kika ga abin da mu da ke tsaye ba mu gani ba. Ba ki raina kakanninmu ba, ba ki kuma bar mu mu cuci 'ya'yanmu da sunan bin su ba. Ba a sa sunanki a jikin wani gini ba, amma akwai yara a garin nan da suke kiran uwarsu ta amsa saboda ke. Mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar cin hutun nan, Ya sa aikin ya zame miki sadaka mai gudana.

Ga malaman da za su gaje ki, ku fita daga ofis ku shiga gidaje. Mu kuma mata, mu riƙa leƙa maƙwabciyar da katanga ta ɓoye, musamman mai goyon fari, kada mu jira sai ta zo neman zogale.

Da na gaya wa Rabi zan rubuta wannan, na ce zan sakaya sunayensu. Ta ce kada in soma. A rubuta nata, a rubuta na Imran, kowa ya karanta.