Gahawar da Aukje Ta Zubar

Kowa a kasuwar garin Sneek ya san Aukje mai kifi, wadda bakinta ya fi wuƙarta kaifi. Tun suna da ƙuruciya take fafatawa da mijinta Wiebe, mai gyaran kekuna, kuma bawan Allah bai taɓa cin ta a gardama ba. Sai da ciwon daji ya mai da shi ƙashi da fata sannan ya yi gaban kansa: ya roƙi likitansu, Postma, ya yi masa allurar da za ta raba shi da duniya. Wani likitan ya zo ya duba, ya amince, kamar yadda dokar ƙasar ta tanada. Aka sa ranar Alhamis.

Abu ɗaya ya rage. Likita zai sake tambayarsa, kuma dole ya amsa da bakinsa, cikin hankalinsa. In ya tarar magani ya bugar da shi, naɗe kayansa zai yi ya koma. Shi ya sa tun safiyar Alhamis ɗin Wiebe ya ƙi shan maganin rage zafi, yana ta cizon leɓe, gumi na tsattsafo masa.

"Sha mana, sarkin taurin kai!" in ji Aukje.

"Na san halinki, tsohuwa. Kawo gahawa dai."

A garin nan ko gobara ake yi sai an sha gahawa. Aukje ta shiga kicin, ta tsiyaya, ta ɗiga maganin a ciki. Ai ba mugunta ba ce. Zafi zai lafa, barci ya kwashe shi, likita ya juya. Ko mako guda ta samu, riba ce.

Tana miƙa masa kofin aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Wiebe ya karɓa, ya dube ta. "Kin kawo gahawa ba zagi? Me kika ƙulla?"

Ta hau gyara masa matashi.

"Kullum ke kike cinyewa, Aukje. Bar mini wannan ɗaya."

Duk da haka ya ɗaga kofin zuwa bakinsa, don bai taɓa mayar mata da abin da ta ba shi ba. Ta fizge.

"Ta huce! Wane sakarai ne zai sha wannan?"

Ta juye ta a tukunyar furen taga, ta share ido da gefen riga, ta buɗe ƙofa.

"Goge takalminka, Likita. Yana ciki, idonsa biyu."