Littafin Kaka Da Aka Raba Ganye-Ganye

Shekarar da gobara ta ci rumbunan unguwarmu a Bebeji aka raba gadon Kaka, wanda ya je Makka a ƙasa. Ya bar wani littafi na hannu a gafaka, ba ɗinki. Kowa ya ɗauka addu'o'i ne, kowa na son albarka, sai aka raba shi kamar gona: maza uku ganye goma-goma, Gwaggo biyar.

Bana na kai rabon Babana ajinmu na yaƙi da jahilci. Malaminmu ya tura wa wani masani hotonsa, masanin ya ce Farisanci ne, kwafin wasiƙun Sarkin Santambul da na Farisa. Na Santambul yana neman sulhu, don a bar alhazai su wuce lafiya. Amsar ba ta cikin rabonmu. Abin ya tsaya mini a rai.

Mun tashi da asuba a kan babur, ni da Malam, neman sauran ganyen. A Kiru Gwaggo ta ba mu koko da ƙosai, ta miƙo ganye uku. Sauran biyun ta ɗinke su laya a wuyan jikokinta.

Na ce, "Gwaggo, zancen sarakuna ne fa, ba addu'a ba."

Ta ce, "To me? Tun da na rataya musu ko mura ba su yi ba. Ci ƙosanka."

Ban ja da ita ba.

A Kwanar Ɗangora muka sha rake, muka sayi mai a kwalba da tsadar da ta sa Malam salati. A Tudun Wada shinkafa shanye ko'ina har bakin kwalta. Ɗan baffana ya zaro goman mahaifinsa daga tukunyar iri, lafiya lau, sai warin barkono. Muka aika hotuna. Masanin ya ce gaisuwa ce da jerin kyaututtuka, dawaki da darduma. Ashe su ma sai sun gama gaisuwa kafin su shiga magana.

Muka ratsa dajin Falgore, birai na kallonmu, muka isa Doguwa da la'asar. Ɗayan baffan nawa, wanda idonsa ya tafi, ya ce a sauko da akwatin da ke kan azara. Na buɗe, na ga ƙasar gara. Ganye uku suka tsira. Na ƙarshen, in ji masanin, ya tsaya a kan: "Amma batun hanyar alhazai".

Baffa ya ce, "Ɗana, suna nan dai ko?"

Na ce, "Wasu suna nan, Baffa."

Ya shafa gafakar da na zo da ita.

Washegari muka dawo gida. Na gane abin da aka rubuta don a karanta, in an raba shi, kowa ya yi asara. Ganye talatin da biyar Kaka ya bari. Ashirin da shida sun koma gafakarsu. Biyu suna wuyan yara a Kiru. Bakwai gara ta ci, da amsar Sarkin Farisa a ciki.