Shanun Bubayaro a Bayan Faifai

A shekarun da mutanen Potiskum suka san Bubayaro, bai mallaki ko ɗan maraƙi ba. Amma ba a cika ƙulla cinikin babban sa a kara, kasuwar shanu, ba sai an ce a kira shi. Ya zo da sandarsa a kafaɗa, ya buɗe bakin dabba ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya faɗi shekarunta, ya juya ya tafi tun kafin a gama yi masa godiya. Wasu na cewa girman kai ne. Ba su lura cewa ba ya iya daɗewa hannunsa a jikin saniyar wani ba.

A wata ruga bayan Danchuwa aka haife shi. Shanu sittin da ɗaya gare shi lokacin da ciwon bushiya ya shigo a shekarar tamanin da uku, cikin mako uku kuma ya share su kaf. Da yake ya taɓa karatun yaƙi da jahilci, sai wani ofishin kula da dabbobi da aka buɗe a Damagum ya ɗauke shi tafinta. A ofishin akwai wata na'ura mai kama da tafireta da ake haɗawa da talabijin, a gefenta da wani akwati mai nauyi inda ake zura faifai, baƙi, mai laushi, faɗinsa kamar tafin hannu biyu. Akawun ofishin ya koya masa shigar da adadin shanun da aka yi wa allura ruga ruga. Idan an tashi sallar azahar da cin abinci, Bubayaro yakan riga kowa dawowa, ya zauna da yatsa ɗaya yana rubuta wani abin da ba a sa shi ba: sunayen shanunsa da suka mutu, kowace da sunan uwarta.

Da aka rufe ofishin, na'urar ta riga ta ƙone. Aka ce kowa ya ɗauki abin da zai yi masa amfani. Wasu suka ɗauki kujeru. Shi ya ɗauki akwatin da faifai shida, ya kawo su gidan da ya kama a unguwar Bolewa cikin Potiskum, ya tura ƙarƙashin gado.

Bai damu da su ba, don sunayen suna kansa. Kullum da hantsi, a hanyarsa ta zuwa kara, yakan yi bitarsu a zuci daga ta farko zuwa ta ƙarshe. Sai wata safiya a shekarar casa'in da takwas ya zo kan saniyar da mahaifinsa ya ba shi ranar sunansa, uwar rabin garken, ya tsaya cak a tsakiyar titi. Yana ganinta sarai, da guntulen ƙahonta na dama, da yadda take kawar da kai idan baƙo ya matso. Sunan ne babu. Sauran duk da launinsu ake kiransu, ita kuwa mahaifiyarsa ce ta raɗa mata wani suna daban. Ya jira kwana ɗaya, ya jira wata guda. Waɗanda suka san ta sun mutu ko sun yi Kamaru, matarsa Bara'atu kuwa 'yar gari ce, bayan masifar ya aure ta. Ko da akwai wanda zai tambaya, da wane baki Bafillace zai ce ya manta saniyar sunansa?

Akwai wani mai gyaran rediyo a bakin hanyarsu, Ari, Babarbare, wanda Bubayaro ya girma da shekara ashirin, amma Ari bai taɓa raga masa ba, don wasan da ke tsakanin kakanninsu. Ƙanin matar Ari da ke karatu a Zariya ya bar masa wata kwamfuta mai ninkewa, laftof, ta zauna a shagon tana tara jama'a. Wata ranar Litinin Bubayaro ya leƙa don ya tsokane shi, sai ya ga allon ya yi shuɗi, da 'yan rubutu a sama, da wani ɗan murabba'i yana ƙiftawa. Sandarsa ta zame daga kafaɗa.

"Kai bawan gidanmu, wannan daga ina?"

"Ubangidanka dai, Baffa. Ka ga aljani ne?"

"Na san wannan fuskar. Ta mutu a Damagum shekara goma da suka wuce."

Ari ya yi dariya, ya ce ai ba ita ba ce. Wani firogiram ne da yaran jami'a ke sakawa, sai sabuwar kwamfuta ta riƙa kwaikwayon tsohuwa, ta yi magana irin tata, ta yi jinkiri irin nata, don su buga wasannin da. Bubayaro ya daɗe yana kallon ɗan murabba'in. Abin da ya ƙone ƙurmus, ga shi yana numfashi a cikin jikin wani. Ya karanta hasbunallahu a hankali. Sa'an nan ya gyara murya ya ce yana da wasu faifai na lissafin allurar shanu, kuma wani babba a sashen dabbobi ya tambaye shi su. Ƙarya ce, kuma ita ce ta farko da ya yi wa Ari ba da wasa ba.

Washegari ya kawo akwatin a nannaɗe cikin tsohon bargo. Ari ya jona shi da wuta, fitila ja da kore suka kama, wani abu ya yi gurnani a ciki ya yi shiru.

"Yana da rai. Ya fi ka ƙarfi ma."

Matsalar ita ce laftof ba ta da bakin da za a haɗa shi. A cikin wani faifai da ɗalibin ya bari tare da laftof ɗin akwai zanen yadda ake ƙera wayar, daga akwatin zuwa ramin da ake jona firinta. Ari ya kwafe zanen a bayan kwalin sigari, ya narka dalma, ya haɗa. Ya buga umarnin buɗe faifai, allon ya amsa da Turanci cewa babu wata na'ura a haɗe. Ya sake, amsa ɗaya. Kwana biyu yana zargin akwatin, a na uku ya gano cewa ya karanta zanen ta gaba alhali ta baya aka zana shi, wayoyi biyu sun yi musaya.

Da ya gyara, akwatin ya amsa, amma da wani ƙara, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana buga ƙofa, jar fitila tana ƙiftawa. Ari ya kwance murfin ya nuna wa Bubayaro wani ɗan farin abu kamar ƙwayar shinkafa.

"Wannan ne idonsa. Dubi kwantsa. Shekara goma a ƙarƙashin gadon Fulani, ko ni ne sai na makance."

Ya jiƙa auduga da sifirit ya goge, ya ɗiga man keken ɗinki a sandunan da idon ke tafiya a kai. Bubayaro yana zaune a benci, bai je kara ba kwana huɗu. Masu neman sa suna aiko saƙo yana cewa ƙafa ce ke damunsa.

Ranar Asabar da la'asar faifai na farko ya tashi. Akwatin ya yi ta nishi kusan minti uku, sai allon ya cika da layuka: sunan ruga, sunan arɗo, adadin shanu, ranar allura. Ari ya miƙe tsaye ya tafa.

"Ga shi nan! A gaya wa babban naka Babarbare ne ya tono masa. Saura tukwici, ƙwaryar nono."

Bubayaro ya matso ya duba, ya ce a sa na biyu. Aka sa, allura. Na uku ya ƙi tashi sam, ya yi tabo. Na huɗu da na biyar da na shida, allura. Ya koma benci ya zauna yana kallon takalminsa.

Ari ya daina dariya. Ya rage ƙarar rediyon da ke gefensa, ya kori mutum biyu da ke leƙe a ƙofa da cewa an tashi aiki.

"Baffa, ba wani babba, ko?"

Bubayaro ya gyara riƙon sandarsa.

"Mutum ba ya fasa kara kwana huɗu saboda takardar gwamnati. Me muke nema? In ban san abin da ya ɓata ba, ta ina zan bi sawu?"

Bubayaro ya faɗa masa, da guntun kalmomi, fuskarsa a bango. Yana jiran tsokanar da Ari zai riƙe har ƙarshen rayuwarsu. Ari kuwa ya juya ga akwatin. Ya sake bin faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, yana karanta jerin abin da ke cikin kowanne. Babu. Ya ce wataƙila akawun ya share, ko yana cikin wanda ya yi tabo.

"Bai share ba. Wannan ne nawa." Bubayaro ya zaro na biyar. "Ga shaidata."

A gefen kowane faifai akwai ɗan yanka mai kusurwa huɗu da aka yi tun daga kamfani. Wannan kuwa yanka biyu gare shi, ɗaya a kowane gefe, na biyun ɗan karkatacce, aikin aska.

"Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Ni. Na ga masu shi sun tsaga masa kunne, shaidar gidansu. Da akawu ya ce ya bar mini shi, sai na tsaga ɗaya kunnen irin na gidanmu. Kai dabba za ta shigo hannunka ka bar ta da shaidar wani?"

"Faifai ne, Baffa, ba karsana ba!"

"Matsa. Kai tun ɗazu ba daidai kake sa shi ba."

Ya ture hannun Ari, ya kifa faifan, takardar da ke manne ta koma ƙasa, ya zura.

"Baffa, a kife ka sa! Za ka kashe idon!"

"Shaidarmu a kunnen hagu take. Haka nake sa shi kullum."

Ari ya kai hannu zai zare, sai ya tsaya da hannun a sama. Yankan kamfani, a hagu yake faɗawa idan an zura faifai. Ta wannan ɗan gurbin akwatin ke gane an yarda a yi rubutu. Idon kuwa ɗaya ne, gefe ɗaya yake karantawa. Mutumin nan ya buɗe wa bayan faifan ƙofa da askarsa, ya kifa shi don shaidar gidansu ta zauna inda ta saba, ya yi shekara biyu yana rubutu a wurin da ofishin bai taɓa sanin akwai shi ba. Shi kansa bai sani ba.

"La'ilaha illallahu," in ji Ari, a hankali. Ya rufe ƙofar akwatin ya buga umarni.

Akwatin ya yi ƙwas sau ɗaya. Jar fitila ta ƙifta, sai ta tsaya. Nishin ya fi na ɗazu tsawo. Ana jin masu babur suna wucewa, ana jin mai rake yana talla. Sai layuka suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, duk da manyan baƙaƙe, wasu da kuskuren yatsa ɗaya.

Bubayaro ya matso, amma rubutun ya narke masa a ido.

"Karanta mini. Daga sama. Kada ka yi sauri."

Ari ya soma, da harshensa na Barebari yana lanƙwasa sunayen. Da wata rana ce da ya sha zagi.

"Daneye, 'yar Fure. Baleye, 'yar Fure. Sayge, 'yar Wule."

Kowane suna Bubayaro ya ɗaga kai kaɗan, kamar mai amsa gaisuwa. Suna shigowa shagon ɗaya bayan ɗaya, tsakanin matattun rediyo da ƙamshin dalma, har ya ji wurin ya yi musu kaɗan.

"Wule, 'yar Barkeye."

"Tsaya."

Ari ya tsaya.

Sunan ke nan, Barkeye. Bubayaro ya motsa leɓɓansa ba sauti. Ya sake. Sa'an nan ya ɗaga murya ya kira ta yadda ake kiran saniya daga nesa, ya ja ƙarshen sunan har numfashinsa ya ƙare. Mai rake ya yi shiru a waje. Wata mata da ke wucewa da tulu ta waiwayo.

 Ari, yana goge hanci da bayan hannu, ya ce faifan nan ba zai sake rayuwa mai tsawo ba, gara ya kwafe bayansa cikin laftof yanzu, gobe a kai inda ake da firinta a buga a takarda.

"Kwafe. A buga biyu, ɗaya a gidana, ɗaya a wurinka." Ya share fuska da gefen rawani. "In ka gaya wa wani a kara, sai na tsaga maka kunne."

"Hagu ko dama?"

"Karanta dai, bawan banza. Saura hamsin da bakwai."

Ari ya gyara zama, ya ɗora yatsa a kan layin da ya tsaya, ya ci gaba.