Mutum goma na Baba Isiyaku

Da safen nan labari ya iske ni ina tsakiyar shanya fata. Baba Isiyaku ya rasu.

Shi ne mutanen Bodinga ke kira Ɗan Bayahude. Ba zagi ba ne, Bayahuden ne.

Ni baƙo ne a garin. Bara niz zo daga Dandin Mahe neman aiki, ban san kowa ba, yad ɗauke ni a shagonsa na fatun awaki. Ranar farko yab ba ni takalmi, wai gishirin fata na cin ƙafa.

Ran Asabar ba ya buɗe shago. Ran Juma'a kuwa korata yake: "Tashi tafi masallaci, kada a ce ni na hana ka."

Babansa daga Maroko yaz zo sayen jar fata, yaz zauna. Tsofaffi sun ce zamanin siyasa ta biyu, sadda ake bin layin shinkafa, rumbunsa yab buɗe, har mutanen garin Shagari na zuwa da jakai. Cikin wahalar nan yam mutu.

Satin da ya wuce na je duba Baba yana kwance ba lafiya, yab ba ni sauran labarin. Wai a addininsu ba a yi wa mamaci addu'a sai maza goma sun tsaya. Ran da babansa yam mutu, Baba yaf faɗa wa wani maƙwabci haka yana kuka. Kafin la'asar ƙofar gida ta cika, manoman albasa, mahauta, har ladan.

Nic ce, "Ai sun fi goma, Baba."

Yay yi dariya har da tari. "Yahudawa goma ake nufi, ɗana. Amma wa zai kore su? Na karanta abina, sunka ce amin."

Can yac ce, "Waɗanda sunka tsaya wa babana duk sun tafi."

Na gyara mishi filo.

Ɗiyarsa na ƙasar waje, ba ta iya isowa yau. Ta ce a sa shi kusa da babansa, ita za ta yi karatunsu ta waya. Na tambayi malamin unguwarmu, yac ce ba sallah za mu yi ba, amma rakiyar maƙwabci ba laifi.

Allah shi ba ta haƙuri, mu kuma shi sa mu cika da imani. Don Allah ku sa ta a addu'a.

Bayan la'asar za mu kai shi wajen kabarin babansa, hanyar Sifawa. Tsayuwa kawai ake so. Da ni da mai gadin shago, mu biyu ke nan.

Saura takwas.