Mutumin da Kakata Ta Yi Wa Takaba

Lokacin da wannan abu ya faru ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta Faransanci, ina zaune a wani ɗan ɗakin haya a Samaru. Yarinya ce ni mai rawar kai, ina ganin na fi kowa wayewa a gidanmu, kuma ba ni da burin da ya wuce in bar ƙasar nan. Na rubuto muku ne don har yau abin yana cina a rai, ban taɓa iya ba wani labarin tun daga farko har ƙarshe ba.

Mahaifiyata fara ce sol mai laushin gashi, duk wanda ya shiga shagonta na atamfa a unguwar PZ sai ya sake kallonta. Ubanta Bature ne ɗan Kanada, daga yankin da ake jin Faransanci. Gyaran injinan noma ya kawo shi Samaru, a nan ya ga kakata ya aure ta. Mama tana da wata bakwai aka aiko masa cewa uwarsa ba lafiya, ya tafi da alkawarin zai dawo kafin damina. Bai dawo ba. Wani abokin aikinsa ne ya zo har gida a unguwar Muchia ya ce ya rasu a haɗarin mota can ƙasarsu. Kaka ta yi takaba, ta ƙi kowane manemi, ta reni Mama da sana'ar ƙosai. Duk shekara in watan ya zagayo sai ta yi girki ta kai coci a yi masa addu'a. Haka na taso na tarar.

A katin baftismar Mama na samo cikakken sunansa. Ranar da na ce mata zan nemi danginsa a intanet, sai ta ajiye almakashin da ke hannunta ta ce in rufa mata asiri in bar wannan zance. Na ɗauka tsoro ne kawai irin na manya. Na sa sunan a wani shafi da mutane ke bin diddigin asalinsu, bayan mako uku sai ga saƙo daga wata mata, tsohuwar malamar makaranta, wadda ta ce ta daɗe tana tattara tarihin gidansu. Ta turo mini doguwar takarda. Kakansu na farko ya baro wani ƙauye a bakin teku a Faransa cikin jirgin ruwa, ya sare daji a gefen wani babban kogi ya kafa gona. Jikokinsa suka yawaita har gona ta yi musu kaɗan, wasu suka tsallaka Amurka aikin masaƙa, wasu ma suka sauya sunan gidan don su saje da mutanen can. Ina karantawa ina murmushi, ina jin ni ma ashe 'yar wani wuri ce. Sai na iso ƙasan takardar na ga sunan mijin Kaka. Shekarar haihuwa ta yi daidai. Amma shekara shida kacal ke nan da rasuwarsa, kuma ga sunan mata a gefensa, ga 'ya'ya biyar. Wadda ta rubuto mini ita ce babbarsu, Mama ta girme ta da shekara biyu.

Ta ce bayan rasuwarsa sun tsinci hoton wata baƙar mace riƙe da jaririya a ƙasan akwatinsa, ba rubutu ko ɗaya a jikinsa, tun daga nan take jiran ranar da wani zai neme su. Ta roƙe ni in haɗa ta da Kaka ta bidiyo, ta kuma ce za ta so in zo in ƙaro karatu a wurinsu, za ta tsaya mini. A nan shaiɗan ya samu ƙofa. Na san abin da ya kamata shi ne in je wurin Mama, amma na san za ta hana. Sai na yi lissafi cewa ai Kaka ba ta jin Faransanci, matar kuma ba ta jin Hausa, duk maganar da za ta ƙetare sai ta bi ta bakina. Na ce wa Kaka na samo 'yar wan mijinta. Ita kuma matar na ce mata Kaka ta daɗe da sanin komai, ta yafe.

Na zaɓi wata Lahadi da yamma, lokacin da Mama ke taron zumuntar mata a coci. Kaka ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi, ta zauna a kujera a tsakar gida kamar mai jiran manyan baƙi. Tun daga gaisuwa na fara juya magana. Matar ta ce babana, na ce wa Kaka ta ce baffana. Kaka ta tambayi inda aka binne shi, matar ta ce kusa da mahaifiyarta, ni kuma na ce kusa da mahaifiyarsa. Matar ta fashe da kuka tana neman gafara a madadin gidansu, na ce tana yi wa Kaka sannu da haƙuri. Kaka ta dube ni ta ce wannan kuka ya yi wa sannu yawa. Na ce caji ya kusa ƙarewa, na kai yatsa zan kashe, sai matar ta ce in dakata, akwai abin da take so Kaka ta gani.

Hoto ta ɗago ta kara a fuskar wayar. Wani tsoho ne fari fat da furfura, yana zaune cikin jikoki, ya ɗora hannun hagu a gwiwa. Da sauri na ce wa Kaka ai wan mijinta ne. Kaka ba ta ko kalle ni ba. Ta karɓe wayar daga hannuna, ta kai ta dab da idonta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta nuna hannun tsohon, inda yatsa ɗaya ya gutsure, ta ce, "Wannan yatsan ni na ɗaure shi ranar da inji ya cinye shi." Can ta ce a hankali, "Ashe ya tsufa."

A haka Mama ta shigo ta same mu. Ta kalli wayar, ta kalle ni, ta kashe ta, ta kama Kaka ta kai ta ɗaki. Da ta fito na zaci mari zan sha, da ma shi na sha da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi ita ta san gaskiya tun kafin a haife ni. Abokin nan da ya kawo labarin mutuwar, da tsufa ya kama shi, ya aiko mata da wasiƙa yana neman gafara, ya ce roƙonsa aka yi ya faɗi haka. Ta karanta ta ƙona. Shekara da shekaru tana taya uwarta girkin addu'ar mutumin da ta san yana raye, don kada ta raba ta da abin da ta rayu a kansa. Ta ce ni kuma na rushe shi a yammaci ɗaya saboda biza.

Kwana huɗu Kaka ba ta magana, ba ta cin abin kirki. Jininta ya hau har aka kwantar da ita a asibiti, likita yana cewa a kiyaye duk abin da zai tayar mata da hankali. Ina zaune a benci a waje, duk wata ma'aikaciyar jinya da ta fito da sauri sai in ce shi ke nan na kashe ta. A rana ta biyar da safe ta aika a kira ni. Ta ce in zauna in maimaita mata duk abin da matar nan ta faɗa, kada in ƙara kada in rage. Na faɗa ina kuka. Ta tambaya ko sunanta ko na Mama yana cikin waccan doguwar takarda, na ce babu. Na gaya mata zancen hoton da aka samu a akwatinsa, sai ta tambaya ko ya rubuta wani abu a bayansa. Wallahi ƙarya ta zo har bakina, don na ga yadda take kallona. Na haɗiye na ce bai rubuta komai ba. Ta gyaɗa kai. Ta ce in rubuta wa matar cewa ba ta riƙe ta da komai, ita ba ta yi laifi ba. Ta ce matar ta sa sunan Mama a takardar, domin jininsu ce. Amma nata sunan kada a sa.

Na rubuta, na kuma faɗa wa matar ƙaryar da na yi mata. Ta sa sunan Mama, ta amsa mini a taƙaice, zancen tafiya kuma ya mutu daga nan. Mama ta yi watanni ba ta haɗa ido da ni. Kaka ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya, ba ta taɓa yi mini gori ba, amma dariyarta ba ta dawo kamar da ba.

Har yanzu ban san ko ya fi mata alheri ta mutu ba ta sani ba, wannan Ubangiji ne ya bar wa kansa sani. Abin da na sani shi ne ba hakkina ba ne in yanke mata, balle ta hanyar yaudara, balle don biyan buƙatata. 'Yan'uwana masu neman asali a waya, ban ce ku daina ba. Amma sunayen nan da kuke gani a jere, wasunsu akwai mai rai a ɗakin gidanku da ke ɗauke da ciwonsu. In babba ya ce ku dakata, ku zauna ku tambaye shi dalili kafin ku danna komai. Ni ban tambaya ba, kuma wadda zan sake ba haƙuri yanzu tana ƙasa.