Iya Falmata da Wandona Guda Ɗaya

Da safen nan ina shirin shiga aji a nan Nguru waya ta shigo. Yagana ce daga Gashuwa. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Yaya Sani, Iya ta tafi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Iya Falmata, mahaifiyar Yagana, ta rasu bayan sallar asuba.

Na zauna a bakin aji ina hawaye, can kuma na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai. Wanda ya san Iya ba zai yi mamaki ba. Matar nan ba a tuna ta da fuska a ɗaure.

Ita ce mai gidan da na kama ɗaki a Gashuwa lokacin ina karatu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kullum "Ɗan Nguru". In ta dama kunu akwai kofina. In na yi zazzaɓi ita ce likita, ita ce mai faɗa.

Amma bari in ba ku labarin wando.

A shekarata ta ƙarshe wandon fita ɗaya gare ni, baƙin jins. Rana ta ci shi, wanki ya ci shi, ya koɗe har ya koma ruwan toka. Sai ga kira daga wata makaranta a Nguru, in zo intabiyu na aikin koyarwa nan da kwana uku.

Na sayo garin rini a kasuwa, na kulle kaina a ɗaki, na kwaɓa a bokiti da ruwan randa, na tsoma wando na tafi harkata.

Na manta cewa da wandon nan nake taya Babana jera bandar kifi duk ƙarshen mako. Man kifi ya zauna a cinya da bakin aljihu, kuma rini ba ya kama inda mai yake. Da na ciro shi sai ga shi dabbare-dabbare kamar jikin zabo.

Wallahi a ranar na yanke ba zan je intabiyun ba. Aro kuwa kunyarsa ta fi ƙarfina. Na shanya wandon a bayan ɗaki inda nake zaton ba mai gani.

Ashe Iya ta gani.

Washegari da hantsi sai na ji muryarta a tsakar gida: "Ɗan Nguru! Zan rina zanina, ruwan ya yi min yawa. In kana da wani tsumma kawo, kada in zubar a banza."

Na fito da wandon ina sunkuyar da kai. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Kai, wannan zabon a ina ka kamo shi?"

Ranar na ga yadda ake aiki. Ta sa na wanke shi da ruwan zafi da sabulu har sau uku, tana shinshinawa. "Har yanzu ina jin tarwaɗa, ƙara." Ta tafasa ruwa a tsohuwar garwa, ta narka baƙin rini da ɗan shuɗi kaɗan, ta watsa gishiri cikin tafi biyu. Ta ce a jiƙe ake saka wando, ba a bushe ba. Ta jefa zaninta, na jefa wandona, ta miƙo min tsohuwar muciya.

"Juya. Rini kamar tuwo ne, ka bar shi ya yi maka gudaji."

Na yi ta juyi har kafaɗata ta sage, ita kuma tana kan kujera tana ba ni labarin mutanen Nguru da son kifi.

Da aka zo ɗauraya ta ɗaura min leda a hannu biyu, wai malami ba ya zuwa gaban manya da baƙin farce. Ita kuwa hannu tsirara ta tsoma. Mako guda hannunta baƙi ƙirin, duk wanda ya tambaya sai ta ce sabon lalle ne ya shigo gari.

Muka ɗauraye wandon da ruwan sanyi har ya fita fes, ta juya cikinsa waje, ta shanya a inuwar darbejiya. Ta ce rana ce ta cuce shi da farko, ba za a sake kai mata shi ba.

Jama'a, wandon nan ya dawo kamar daga shago. Na je intabiyu ina taku ɗai-ɗai. Aikin da nake yi yau ke nan.

Watan jiya na je gaishe ta. Ta rame, amma bakin yana nan. Ina tsokanarta da zancen zabo sai Yagana ta fashe da dariya ta ce, "Yaya, ai zanin nan sabo ne dal, na fitar biki. Babu abin da ya same shi. Rina shi ta yi don kada ka gane saboda kai aka hura wutar."

Na juya na kalli Iya. Ta harari Yagana ta ce, "Ke dai bakinki ba ya riƙe ruwa. Ni dama baƙi ya fi yi min kyau."

Na ce zan dawo da hutu in yi godiya yadda ya kamata. Ta ce, "Ka taho da kifi, godiyar ka bar ta a mota."

Ban samu komawa ba.

Ya Allah, baiwarKa Falmata ta rufa min asiri ranar da ba ni da komai, kuma ba ta bari na ji kunya a gabanta ba. Ka rufa mata asiri ranar da kowa zai tsaya a gabanKa. Ka gafarta mata, Ka haskaka kabarinta, Ka ba Yagana da 'yan uwanta haƙuri.

Yanzu zan kama hanyar Gashuwa. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ka wuce, ka tsaya ka yi wa Iyata addu'a ko da kalma ɗaya ce.